Minti Huɗu a Ƙofar Shara

A gidan yarin da ya yi wa aiki shekara talatin da ɗaya, Sau-Biyu ake ce masa. Tun yana sabon gandiroba ya samo sunan: in ya datse kwaɗo sai ya ja shi, ya yi taku uku, ya dawo ya sake ja. Abokan aiki suka yi ta yi masa dariya har suka gaji, shi kuwa ko a jikinsa. Gajere ne kakkaura, maganarsa ba ta da yawa, kakinsa ba ya kwana babu guga. Abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne, kuma bai taɓa ɓoye shi ba: fayil ɗinsa na ofis babu takardar tuhuma ko guda a ciki. Lokacin da abin nan ya faru saura masa mako bakwai ya yi ritaya, burinsa kawai ya fita da fayil ɗin yadda yake.

Akwai wani abu da yake yi kullum wanda ba ya cikin aikinsa. A bayan kicin ɗin gidan akwai wani lungu mai taku shida, da ƙofar ƙarfe a kowane ƙarshe, ta ciki na kallon farfajiyar kicin, ta waje na kallon titi. Ta nan ake fitar da shara, kuma doka ta ce ba a buɗe ɗaya sai an rufe ɗaya. Tsohon amalanken shara yana shiga tsakaninsu daidai. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce sai wani mai basira a can sama ya sayo sabon amalanke, dogo, mai cin duro takwas, bai tambayi kowa tsawon lungun ba. Daga ranar, in za a fitar da shara dole ƙofofin su kasance a buɗe tare wajen minti huɗu, fursunonin kicin suna turi ta baya. Motar shara kuwa ƙarfe uku take zuwa, daidai lokacin da masu aikin safe ke layin miƙa makullai a ofis, masu aikin yamma suna fareti. Gandiroba ɗaya tal ake bari a wurin.

Fursunoni na ganin ƙofofin a buɗe, ba makafi ba ne. Abin da ba su sani ba shi ne, mai gadin da ke kan hasumiya ba ya hango lungun, tankin ruwa ya tare masa, kuma duk gidan babu wanda zai iya isowa kafin mutum ya tsallaka titi. Sau-Biyu ya auna wannan da ƙafarsa da agogonsa. Sau uku yana rubuta rahoto, sau uku ana buga masa hatimi a ce an gani. Aka canja shugaban gidan har sau huɗu, amalanke na nan yadda yake. Da ya ga haka sai ya riƙa zama na farko a layin makullai, yana miƙa nasa ya wuce lungun, ya tsaya ya goya hannu a baya har a rufe ƙofa. Babu wanda ya sa shi, babu kuma wanda ya hana shi.

Dogo, mai tsaron babbar ƙofa, wanda rana ɗaya suka sa kaki, shi ne ke tsokanarsa.

"Kai wai auren sharar nan ka yi ne? In da sadaki ka faɗa mu taya ka."

"Kai dai kula da ƙofarka," in ji Sau-Biyu.

A gida bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya yi rantsuwa ranar da ya kama aiki cewa sirrin gidan ba zai fita ta bakinsa ba, shi kuwa irin mutanen nan ne da rantsuwa ba ta tsufa a wajensu.

'Yarsa ta fari malamar kimiyya ce a sakandare, Malama yake kiranta ko a gida. Duk Asabar da rana takan zo da mijinta, mai gyaran waya, da abokansu biyu, su mamaye teburin cin abincinsa, don nasu ƙarami ne. Wani wasa suke yi wanda ya daɗe yana yi wa kallon aikin banza. Malama ce ke ba da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikin labarin, ya faɗi abin da zai yi, sannan ya jefa ƙwayar lido a ga ko ya yi nasara. Manya da su, masu 'ya'ya, su zauna awa uku suna gardama a kan kumbo da taurari. Shi dai yakan zauna a kujerarsa da rediyo, ya ba su baya.

Wata Asabar labarin ya kai su kurkuku. Wani gidan yari ne mai shawagi a sararin samaniya, masu gadinsa mutum-mutumi ne na ƙarfe, an kulle 'yan wasan a ciki za su tsere. Sau-Biyu yana ji surukinsa ya ce zai lallaɓa ya zare makulli daga ƙugun mai gadi, ya jefa ƙwaya, ya ci, ya buɗe ƙofa bakwai da makullin nan guda. Sau-Biyu ya kashe rediyon.

"Makulli ɗaya, ƙofa bakwai?" ya ce, bai ko juyo ba. "Wane sakarai ne ya gina gidan?"

"Baba, wasa ne," in ji Malama.

"Ko wasa ne a yi shi da hankali. Mai riƙe makullin ɗaki ba ya riƙe na farfajiya. Kuma ina ƙidaya? Mutum uku sun ɓace, babu wanda ya ƙirga?"

Surukin ya miƙe ya ja masa kujera. "To Baba, zo ka gina mana."

Da gatse ya faɗa, amma tsohon ya zo. Ya karɓi fensir da rula, ya juya bayan wata tsohuwar kalanda, kafin yamma ya zana musu kurkuku. Asabar uku a jere suna ƙoƙarin fita, Asabar uku ana kama su. Suka haƙa rami, ya ce ana ƙwanƙwasa daɓe duk safiya. Suka yi ƙaryar ciwo, ya ce asibitin ma a ciki yake. Maiɗakinsa ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa jin ya yi dariya da ƙarfi irin ta lokacin ba, kuma gaskiya ta faɗa: ya ji daɗin abin fiye da yadda zai yarda a gaban mutane. Shekara talatin yana aikin da babu mai tambayarsa yadda ake yi, yau ga mutum huɗu sun zuba masa ido suna jiran abin da zai ce.

A Asabar ta huɗu Malama ta same shi shi kaɗai kafin sauran su iso.

"Baba, gidanka ya yi kyau, amma ba za a iya wasa da shi ba. Dole a bar musu kafa ɗaya. In babu hanyar fita, zama kawai suke yi."

"Ai haka gidan yari yake."

"Na sani. Amma ka ba ni kafa ɗaya, wadda hankali zai ɗauka. Ni duk wadda na ƙirƙiro sai ka ce shirme ce."

Ya kwana biyu yana nema. Duk wadda ya ƙago sai ya ga yadda zai toshe ta, ya yage takardar. Bai iya ƙarya ba, ko a wasa. Kafa ɗaya kaɗai ya sani wadda ya tabbata tana aiki, ita ce wadda yake tsayuwa a cikinta kullum. Ya ce wa kansa ai wannan a sararin samaniya ne, wa zai gane? Ya zana ɗaki mai taku shida a bayan kicin, da ƙofa biyu, da kumbon shara da ya fi ɗakin tsawo. Ya rubuta cewa ƙarfe uku mutum-mutumin safe ke tafiya cajin batir, na yamma ba su fito ba, tankin iska ya tare idon hasumiya, 'yan wasa na da jifa huɗu kafin a rufe. Malama ta karanta ta rungume takardar don murna. Ya so ya ce mata ta riƙe a gida kada ta kai ko'ina, sai ya ga in ya faɗa za ta tambayi dalili, dalilin kuwa shi ne abin da ya rantse ba zai faɗa ba. Ya yi shiru, yana ganin ya kiyaye rantsuwa.

Bayan wata biyu ta kawo masa ɗan littafi mai shafi goma sha shida. Ta buga talatin ta raba wa masu irin wasan a wani taro da suka yi. Ya yaba bangon kawai, ya sa a aljihun tebur. Makonni suka wuce babu abin da ya faru, har ya fara mantawa.

Ranar wata Laraba, ƙarfe biyu da rabi, aka ce shugaba na nemansa.

Shugaban shekararsa biyu a gidan, mutum ne mai sauƙin kai, ya kusa zama sa'an ƙanen Sau-Biyu. Bai taɓa zuwa bayan kicin da ƙarfe uku ba, don a lokacin yana karɓar fareti. Littafin na kan teburinsa, bangon ya yi datti, gefensa ya nannaɗe.

"Zauna, Baba. Ka san wannan?"

"Na san shi, yallaɓai."

"Da safe aka same shi a ɗaki na tara, ƙarƙashin tabarmar wani mai aikin kicin. Ya ce 'yar'uwarsa ce ta kawo masa cikin littattafan karatu. Wata guda littafin yana cikin gidan nan." Ya juya bangon baya ya karanta: "Godiya ga Babana, Sau-Biyu, wanda ya zana taswira." Ya ɗago yana murmushi. "Ashe kai ma ana taɓawa."

Sau-Biyu bai yi murmushi ba. Agogon bango na bayan kan shugaban, ya nuna uku saura ashirin da biyar. Littafin ya buɗe da kansa a inda aka fi buɗe shi, shafi na tara, an lanƙwasa kusurwarsa. Daga inda yake zaune yana hango zanen ɗakin mai ƙofa biyu.

"Taswirar ta yi kama da tamu, ba sai na faɗa maka ba," in ji shugaban. "Kicin a hagu, asibiti a dama. Amma wane gidan yari ne ba haka yake ba? Na duba sauran, duk tatsuniya ce, kumbo da batir. Ba zan ɓata wa mutum shekara talatin a kan wasan lido ba." Ya turo masa takarda da biro. "Na sa an rubuta. Ka ce zanen daga kanka ne, babu abin da ya shafi tsaron gidan nan a ciki. Ka sa hannu, in sa a aljihuna, ba za ta shiga fayil ɗinka ba. Shi ke nan."

Ya ɗauki biron. Layi uku ne kacal. Ya karanta su a hankali, ya sake karantawa. Mutumin nan da gaske taimakonsa yake so ya yi, bai kuma san abin da ke hannunsa ba. In ya sa hannu yanzu zai iya kaiwa lungun kafin uku. To in ya kai fa? Da, fursunoni shida na turin amalanke suna tsoron hasumiya. Yau wataƙila sun san babu kowa sai gandiroba ɗaya da wani tsoho marar makulli. An ƙwace littafin da safe, sun san gobe za a iya canja komai, in da abin da suka shirya, yau ne. In ma ba yau ba, nan da mako bakwai shi ya tafi, littafi ashirin da takwas na yawo a gari.

"Mai ɗakin na tara, yallaɓai, yana ina yanzu?"

"Yana bakin aikinsa. Littafin labari ba laifi ba ne. Me ya faru?"

Uku saura kwata. Tsoro ya ji, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka yi bore a gidan. Ya tuna fayil ɗin nan siriri da ya taɓa leƙawa a ofishin ma'aikata, yadda ya ji daɗi ranar. Ya tuna Malama da takarda a ƙirjinta. Kalma ɗaya zai faɗa, wasan lido ya koma fitar da sirrin tsaro, ya kuma san hukuncin wannan sarai, don shi yake karanta wa sababbi dokar.

"Baba, sa hannu mana. Fareti na jirana."

Ya kai bakin biron kan layin. Can nesa ya ji ƙarar motar shara tana rage gudu a kwanar titi, ya san ƙararta kamar tarin maiɗakinsa. Ya ajiye biron.

"Yallaɓai, a tsayar da amalanken shara. Kada a buɗe ƙofar baya yau."

"Saboda me?"

"Shafi na tara ba tatsuniya ba ce. Taku shidan gaskiya ne, ƙarfe ukun gaskiya ne, tankin ma gaskiya ne. Lungunmu ne na zana, ban canja komai ba sai suna."

Murmushin ya bar fuskar shugaban. Ya ja littafin, ya bi shafin da yatsa layi-layi, ya ɗago ya dubi agogo. Ya fizgi wayar tebur. Layin kicin ya yi ta ƙara babu mai ɗauka. Ya buga na hasumiya, ya ce mai gadi ya gaya masa abin da yake gani a lungun shara. Muryar ta ce tanki take gani. Shugaban ya tashi ya buɗe ƙofa, ya ƙwala wa masu fareti kira, mutum goma suka kwasa a guje. Uku saura minti huɗu.

Sau-Biyu ya miƙe zai bi su.

"Zauna," in ji shugaban. Wannan karon bai ce Baba ba.

Ya zauna. A karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya ƙarfe uku ta same shi a kan kujera. Ya kasa kunne, ba ya jin komai sai fankar ofis. Shugaban na tsaye a taga. Minti goma suka yi a haka kafin wani sajan ya shigo yana haki, ya ce sun iske an buɗe ta ciki, ba a kai ga ta waje ba. An mayar da fursunoni shidan, an caje su, an zazzage durorin duka. Shara ce kawai. Mai ɗakin na tara ya rantse shafin ya lanƙwasa ne don a nan suka tsaya da wasa, da ƙwayar da suka yi da sabulu. Ko gaskiya ya faɗa ko ƙarya, har yau babu wanda ya sani.

Da sajan ya fita, shugaban ya ɗauki takardar mai layi uku ya yaga ta.

"Tun yaushe ka san da wannan?"

"Shekara goma sha ɗaya. Na rubuta sau uku, suna cikin fayil ɗin gini."

"Zan nemo su. Za su taimake ka kaɗan, ba za su wanke ka ba." Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "Mutum goma sun ji, hasumiya ta ji. Ba ni da aljihun da zai ɗauki wannan. Ka san abin da doka ta ce."

"Na sani, yallaɓai."

"Da ka sa hannu, ka same ni gobe a ɓoye, da na gyara ƙofar babu wanda ya ji."

"Goben ce ban yarda da ita ba."

Shugaban ya ja kujerarsa. Sannan ya zauna ya rubuta takardar dakatarwa da hannunsa, har zuwa ranar da kwamiti zai zauna. Sau-Biyu ya miƙa makullai, da hula, da bel, da katin aiki. Rigar kakin ma doka ta ce ba a fita da ita, sai aka samo masa wata tsohuwar riga a sito, hannunta ya wuce yatsunsa.

Labari ya riga shi isa babbar ƙofa. Dogo na tsaye, ya ƙi haɗa ido da shi. Duk wanda ba ma'aikaci ba ne ana caje shi in zai fita, amma Dogo ya buɗe ƙaramin ƙyaure ya matsa gefe.

"Wuce kawai."

Sau-Biyu ya tsaya a kan farin layin da baƙi ke tsayawa, ya ɗaga hannuwansa.

"Haba, ɗan'uwa," in ji Dogo a hankali. "Kada ka sa ni."

"Akwai kyamara a kanka. Dakatar da mutum ɗaya ya isa a rana ɗaya. Yi aikinka."

Dogo ya caje shi, daga kafaɗa zuwa idon sawu. Da ya gama bai miƙe da wuri ba, ya tsaya a durƙushe kamar mai gyara igiyar takalmi.

A waje motar shara na nan a gefen titi, direban ya kashe inji yana jira a gaya masa abin da ake ciki. Sau-Biyu ya wuce ta ya tsaya a inda ake jiran bas. Kwamitin bai dame shi sosai ba, ya riga ya san abin da za su ce. Malama ce ta tsaya masa a rai. Dole ya kira ta yau ta bi littattafan nan ta karɓo su, dole kuma ta tambayi dalili, kuma yana so ya faɗa mata ta yadda ba za ta ɗauka ita ta jawo masa ba. Ya jera maganar ta nan, ya jera ta can, duk ba ta zauna ba. Bas ta zo ta tsaya, kwandasta ya dube shi, ya girgiza kai ya bar ta ta wuce.